Kar ki ci bashin makirufo tukuna

Anti, assalamu alaikum. Ina karanta littattafai ina naɗa a gida, burina in zama mai karanta littattafan sauraro. Wata marubuciya ta ba ni littafinta, na gama babi uku, muka tura wa kamfanin da zai raba shi. Sai suka dawo da shi, wai akwai hayaniya da amsa-kuwwa, kuma ƙarfin sautin bai dace da ƙa'idarsu ba. Ita ma marubuciyar ta ce karatuna ya yi kama da na labaran rediyo, babu rai a ciki. Ni kaina idan na kunna na ji muryata, kunya ce ke kama ni. Makirufo na USB nake da shi da kwamfutar tafi-da-gidanka, a falo nake ɗauka idan dare ya yi. Yayana ya ce in haƙura kawai, ba kowa Allah ya ba murya ba. Ni kuma ina tunanin in ci bashi in sayi makirufo mai tsada ko za a dace. Don Allah a ba ni shawara, jikina ya yi sanyi.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Ki ajiye maganar bashin nan a gefe. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma cikin duk ƙorafin da aka yi miki ban ga ko ɗaya da ya taɓa muryar da Allah ya ba ki ba. Kamfani ya yi magana a kan ɗaki da ma'auni. Marubuciya ta yi magana a kan yadda kike fitar da jimla. Ke ce kika haɗa su wuri ɗaya, yayanki ya ƙara nasa, kika yanke wa muryarki hukunci. Matsala biyu ce daban-daban, kowacce da maganinta, kuma sabon makirufo ba ya cikin maganin ko ɗaya.

Kunyar da kike ji idan kin saurari kanki, a wuce wurin da sauri. Lokacin da kike magana, muryarki tana isa kunnenki ta iska da kuma ta ƙasusuwan kanki, su kuma ƙasusuwan suna ƙara mata kauri. Na'ura ta iska kaɗai take ɗauka, shi ya sa kike jin ta siriri kamar ta baƙuwa. Muryar da ke ba ki kunya ita ce wadda kowa ya saba ji daga gare ki tun kina yarinya. Da yawan sauraro za ki saba da ita.

Yanzu falon nan. Ina kyautata zaton shi ne babban mai laifi. Bango mai santsi, gilashin taga, tayil, silin, teburin katako, duk abin da madubi ke yi wa haske shi suke yi wa sauti. Maganarki tana fita, wani ɓangare ya shiga makirufo kai tsaye, sauran ya bugi bango ya dawo ya shiga a makare. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka a ɗaki na gida jinkirin ɗan kaɗan ne, ba za ki ji shi a matsayin murya ta biyu ba. Abin da za ki ji shi ne muryar ta yi nisa, ta yi fanko, kamar daga ƙarshen wani dogon lungu ake magana. A zaune a falon ba kya lura, domin ƙwaƙwalwa tana tace shi. Makirufo ba ya tace komai. Kuma wanda ya fi tsada, musamman irin wanda ake kira kondensa, zai kwaso miki falon ne tsaf fiye da na yanzu. Ki biya bashi, ki samu amsa-kuwwa mai inganci.

Ki tsaya tsakiyar falon ki tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ki kasa kunne. Idan kika ji wata ƙara ta biyo bayan tafin, ko wani ɗan kaɗawa mai kama da na ƙarfe, wurin bai dace ba. Ki zagaya gidan kina yin haka. Galibi ɗakin kwana ne zai ci, saboda katifa da labule da tufafi. Gaban kabad ɗin kaya a buɗe, cike da tufafi a rataye, ya fi falo nesa ba kusa ba.

Akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa a nan, kuma cakuɗawar tana cin kuɗi. Hana ƙarar waje shigowa aiki ne na gini: bango mai nauyi, ƙofa mai kauri, toshe duk wata kafa da iska ke bi. Wannan ya fi ƙarfin mai farawa, dabararsa kawai ita ce zaɓen lokacin da unguwa ta yi tsit, kuma kin riga kin gano haka tunda da dare kike aiki. Hana muryarki yawo a cikin ɗaki kuwa aiki ne na kaya masu laushi da kauri: bargo mai nauyi, katifa a jingine, labule mai ninki, kafet a ƙasa. Kaurin ne ke aiki. Siririn soson nan da ake mannawa a bango siririn sauti kawai yake sha, ya bar mai kaurin yana gunji, sai muryar ta fito kamar a cikin akwati. Kiret ɗin ƙwai kuwa, da wasu ke jerawa a bango don ya yi kama da situdiyo, kama kawai ya yi. Idan za ki rataya bargo, ki bar ɗan fili tsakaninsa da bango, ya fi shan sauti a haka fiye da a manne.

Inda za ki fara sa bargon ma yana da muhimmanci. Yawancin makirufon karatu suna ji ne ta gaba, kaɗan ta gefe, ba sa ji sosai ta baya. Gaban nasa ke yake kallo, amma yana kallon duk abin da ke bayanki ma. Don haka bangon da kika juya wa baya shi ne na farko da za ki lulluɓe, sai gefe biyu, sai kan teburin, wanda tawul mai kauri ya ishe shi.

Kafin ki ɗaga bargo ko ɗaya ma, ki duba abu biyu da suka sha ba mutane kunya. Na farko, ki tabbatar manhajar da kike naɗa da ita, da makirufonki na USB take ɗauka, ba da ɗan ƙaramin da ke jikin kwamfutar ba. Ki ƙwanƙwasa shi a hankali da farce kina kallon ma'aunin ƙarfin sauti da ke cikin manhajar, in bai yi tsalle ba, to duk babi ukun nan kwamfuta ce ta ɗauke su daga nesa. Na biyu, makirufo da yawa na USB ta gefensu ake magana, wajen da tambarin kamfani yake, ba ta ƙoƙon kansu ba. Wanda ya karkato kan ya nufi bakinsa, ya juya wa na'urar inda ba ta ji da kyau.

Sai tazara, wadda ita ce gyara mafi araha a duk wannan sana'a. Duk lokacin da kika rage nisan bakinki da makirufo da rabi, muryarki tana ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali hayaniyar ɗaki tana nan inda take. Ki zauna kamar santimita 15 zuwa 20 daga gare shi, wato faɗin hannunki idan kin ware babban yatsa da ƙaramin. In kika matsa fiye da haka sosai, muryar za ta yi kumburi ta ƙasa, kuma duk motsin leɓe zai fito. Kar ki fuskance shi ɗoɗar. Ki ɗan kautar da shi gefen baki, yadda iskar da ke fita da harafi irin su f da b da t za ta wuce ta gefensa. Mu masu karatu da Hausa muna da ƙarin dalili, domin ƙ da ts da ƙarfi suke fashewa, kusa da makirufo suna fitowa kamar an ɗalla wani abu. Ragar nan ta zagaye da ake sawa gaban makirufo don tare iska tana da amfani, kuma ba abin cin bashi ba ce. Idan kin samu zaman da ya yi daidai, ki sa alama inda kujera take da inda makirufo yake. Babi na tara dole ya yi kama da babi na ɗaya, ko da wata guda ne tsakaninsu.

Hayaniya kuma farautarta ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ki saita komai kamar za ki fara karatu, ki danna ɗauka, ki yi shiru na daƙiƙa ashirin. Ki saurara da hedifon mai rufe kunne, ki ƙara ƙarfi. Za ki ji fanka, firjin da ke ɗaki na gaba, agogon bango, wataƙila da fankar cikin kwamfutar kanta, wadda ke tashi idan ta yi zafi. Ki kashe ɗaya ki sake ɗauka, ki kashe na biyu ki sake. Kwamfutar ki nisanta ta, ki sa ta ta bayan makirufo, kuma kar su zauna a tebur ɗaya in da hali, saboda girgiza tana bi ta katako. Wayar hannu ki fitar da ita ko ki kashe mata layi. Idan kin ji wani gunji mai kauri da ba ya canjawa, sau da yawa na wutar lantarki ne, mai kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon tsarin wutar ƙasa. Ki zare cajar kwamfutar ki ɗauka da batir, ki ji ko zai ɓace.

Bari mu zo kan lambobin da suka sa aka dawo miki da aiki. A ma'aunin sautin kwamfuta, sifili shi ne rufi. Duk abin da ya buge shi ya fashe, kuma ba ya gyaruwa. Shi ya sa lambobin duk suke ƙasa da sifili, kuma -60 ya fi -20 shiru. Ƙa'idar da aka fi sani a wannan harka ita ce ta ACX, dandalin Audible, kamfanin sayar da littattafan sauraro: matsakaicin ƙarfin murya, wanda suke kira RMS, ya tsaya tsakanin desibel -23 da -18, ƙololuwar sauti kar ta haura -3, hayaniyar da ke ƙasa idan kin yi shiru kar ta haura -60, fayil ya zama MP3 mai 192 kbps ko sama, a kan 44.1 kHz (lambobin ingancin fayil ne, a manhaja ake zaɓar su), kowane babi da fayil ɗinsa, da ɗan shirun ɗaki a farko da ƙarshe wanda bai wuce daƙiƙa biyar ba. Sauran masu rarrabawa ƙa'idarsu ba ta yi nisa da wannan ba, amma ki roƙi naki kamfanin ya ba ki tasa a rubuce.

Abin lura a cikin lambobin nan shi ne ratar da ke tsakaninsu. Murya a wajen -20, hayaniya a ƙasa da -60, wato ana son tazarar desibel arba'in tsakanin ke da ɗakinki. Idan kin ɗauka da rauni daga nesa, sannan kika ɗaga a manhaja don ki kai -20, hayaniyar ma tare za su tashi, ratar tana nan yadda take. Ina jin abin da ya same ki ke nan. Ratar a wajen ɗauka ake samun ta, da ɗaki mai shiru da baki kusa da makirufo. Wajen ɗaukar, ki saita maɓallin ƙarfin shiga yadda mafi ƙarfin maganarki zai riƙa taɓa tsakanin -12 da -6, ki bar wa kanki sarari don jimlar da za ta zo da zafi.

Manhaja ita ce ta ƙarshe, kuma hannu mai sauƙi take so. Audacity kyauta ce, ta kuma isa wannan aiki. Ki ajiye ainihin abin da kika ɗauka a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ki yi gyara a kan kwafi, MP3 sau ɗaya tak ake fitarwa a ƙarshe, domin duk maimaitawa tana rage inganci. Ki fara da yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mai kauri da kaɗawarsa ba ta kai sau 80 a daƙiƙa ba, inda babu komai na maganarki sai rugugin motoci da girgiza. Sannan ki daidaita matsakaicin ƙarfi, sannan ki sa abin da ke danne ƙololuwa kar ta wuce iyaka. Mai rage hayaniya yana aiki a kan ƙara mai ɗorewa kamar shuuu ɗin na'ura, idan kin nuna masa samfurin shirun ɗakin. Ki yi masa kaɗan-kaɗan. In kika matsa masa, muryar za ta koma kamar ana magana a cikin ruwa, kuma kunnen masu tantancewa ya san wannan sarai. Amsa-kuwwa kuwa ta riga ta cakuɗe da muryar. Akwai manhajojin zamani da ke ƙoƙarin cire ta, amma ban yarda mutum ya ɗora littafin awa goma a kansu ba alhali bargo zai hana ta shiga tun farko.

Wani abu kuma: idan kin yanke tari ko kuskure, kar ki cike gurbin da shiru na kwamfuta, wanda babu komai a cikinsa. Mai sauraro da hedifon zai ji kamar an ɗauke layi. Kowace rana ki naɗi rabin minti na shirun ɗakinki, da shi za ki riƙa yin faci.

To, mu koma ga maganar marubuciya, wadda ta fi ta kamfani ciwo, na sani, kuma ta fi ta ɗaukar lokaci.

Karatun labarai yana da waƙarsa: kowace jimla ta tashi a wuri ɗaya, ta sauka a wuri ɗaya, duk kalmomi nauyinsu ɗaya, mai karatu yana tsaye nesa da abin da yake faɗa. Ga labarai ya dace, domin minti biyar ne kuma ba a son ra'ayin mai karantawa. A littafi, kafin a yi rabin awa waƙar ta sa mutum barci. Abin da ke jawo ta shi ne ido yana karanta kalma, baki yana furtawa, amma zuciya ba ta riga ta san inda jimlar za ta ba. Magani na farko ba a gaban makirufo yake ba. Ki karance littafin gaba ɗaya, daga bango zuwa bango, kafin ki naɗi layi ɗaya. Wanda kika ba muryar dattijon kirki a babi na biyu yana iya zama shi ne macucin a babi na ashirin, ko a shafi na ɗari a ambaci cewa yarinyar tana da in'ina. Kuma rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "ya tafi" na wanda ya riga ya wuce da "ya tafi" na wanda ake so ya wuce iri ɗaya suke a takarda. Wanda bai leƙa gaba ba sai ya kai tsakiyar jimla zai gane ya ɗauko ta a karkace, kuma wannan ɗan tuntuɓen ana jin sa ko da ya wuce bai tsaya ba.

Kina karantawa kina sa alama. A kowace jimla akwai kalma ɗaya, wani lokaci biyu, da ke ɗauke da sabon abu. Sauran duk rakiya suke yi. Ki ja layi ƙarƙashinta. Ba ihu za ki yi a kanta ba, kuma ba za ki murɗe karin kalmar ba har ta koma wata. Ki ɗan rage gudu idan kin iso ta, ko ki ɗan dakata gabaninta, sauran ki bar su su wuce da sauƙi yadda suke wucewa a hira. Ki sa alamar inda za ki yi numfashi a doguwar jimla. Waƙafi da aya na ido ne, ba dole kowane waƙafi ya zama tsayawa ba, kuma akwai wurin da babu alama amma kunne yana buƙatar hutu.

Magani na biyu shi ne sanin wa kike yi wa karatun. Mai farawa yakan ji kamar taro yake yi wa jawabi, sai ya ɗaga murya, ya gyara zama, ya sa muryar aro. Amma littafin sauraro mutum ɗaya ke jin sa, galibi a cikin kunnensa, yana tuƙi ko yana aikin hannu ko yana kwance. Asalin abin ma haka yake: a shekarun 1930 aka fara naɗar littattafai a faifai a Amurka da Ingila domin makafi, wato wani ya zauna ya karanta wa wani abin da ba zai iya gani ba. Ki zaɓi mutum ɗaya da kike sakin jiki da shi, ki ɗauka yana zaune ɗan nesa kaɗan da makirufon, ki ba shi labarin. Ga wani gwaji: ki karanta sakin layi ɗaya a zuci, ki rufe littafin, ki danna ɗauka, ki faɗi abin da ya faru da bakinki kamar kina ba ƙawarki. Sannan ki buɗe ki karanta shi yadda aka rubuta. Ki saurari biyun a jere. Ta farkon ita ce muryar da marubuciyar ke nema, kuma taki ce, ba ta wani ba. Aikin da ya rage shi ne ki sa kalmomin marubuciya su fito da wannan muryar.

Gudu kuma. Tsoro yana sa sauri, kusan duk mai farawa yana gudu. A Turanci ana lissafin kalma 150 zuwa 160 a minti, kimanin 9,300 a awa ɗaya ta littafin da aka gama. Kar ki ɗaure kanki da wannan lamba, tsawon kalmomi ya bambanta tsakanin harsuna, kuma gudu ɗaya daga farko har ƙarshe shi ma wata waƙar ce. Wurin faɗa ya yi sauri, wurin da aka kawo labarin mutuwa ya ja ƙafa. Idan an sauya wuri ko lokaci a labarin, ki ba mai sauraro daƙiƙa biyu ya sauya tare da ke, tunda shi ba ya ganin farin filin da ke takarda. Numfashi kar ki bi shi kina gogewa duka. Wanda ya yi ƙara ki rage shi, sauran ki bar su, da su ake sanin mutum ne ke karatu.

Muryoyin mutanen cikin labari su ne inda ake yawan wuce gona da iri. Ba wasan kwaikwayo kike yi a dandali ba. Idan za ki yi namiji, kar ki matse maƙogwaro kina neman kaurin da ba ki da shi, za ki gaji, kuma abin dariya zai zama. Ki tambayi kanki halinsa: mai gaggawa ne ko mai jan magana, yana kallon mutane a ido ko yana sunkuyar da kai, me yake so daga wanda yake yi wa magana a wannan layin. Ɗan sauyi a gudu da nauyi ya isa mai sauraro ya bambance. Duk wanda kika ba murya, ki yanki daƙiƙa goma na maganarsa ki adana da sunansa, domin idan ya ɓace a babi na huɗu ya dawo a na sha bakwai ba za ki tuna ba. Wurin ihu, ki ja baya kaɗan ki ba da zafin ba tare da cika ƙarfin ba. Wurin kuka, ki riƙe. Muryar da ke ƙoƙarin danne kuka ta fi wadda ta fashe da shi taɓa zuciya, kuma kalmomin suna fita a fili.

Jiki ma yana shiga na'ura. Murmushi ana jin sa, haɗe rai ana jin sa. Ki zauna a miƙe yadda ciki zai samu wurin numfashi, ki bar hannuwanki su yi motsi in dai ba za su bugi tebur ba. Ki cire awarwaro da duk abin da ke kaɗawa, ki guji tufafi masu ƙarar shafa. Karatu daga allon kwamfutar hannu ya fi takarda, don babu ƙarar juya shafi. Ɗan ƙas-ƙas ɗin da baki ke yi yawanci bushewa ce: ki sha ruwa tun awanni kafin ki fara, ba sai kin zauna ba, sannan ki riƙa kurɓa a tsakani. Ki ɗumama murya na 'yan mintuna da yin "mmm" a hankali da karanta shafi ɗaya da ba za ki ajiye ba. Yawan gyaran murya da ƙarfi yana gurje maƙogwaro, kurɓar ruwa ta fi. Da kin ji muryar ta fara gajiya ki tashi, abin da aka naɗa da gajiya sai an sake shi. Idan kuma ta dusashe har ta wuce mako uku ba ta dawo ba, wannan na likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne.

Don kar gyara ya cinye miki rai, ki koyi gyara kuskure nan take. A Audacity akwai hanyar da za ki koma farkon jimlar da kika ɓata, ta kunna miki 'yan daƙiƙun da suka gabata ki ji yanayin muryarki, sannan ta ci gaba da ɗauka daga nan. Shift da D ake dannawa. Ki riƙa bin muryar taki da baki tun kafin ta fara ɗauka, sai ɗinkin ya ɓace. Kuma ki san cewa a wannan sana'a awa ɗaya da mai sauraro zai ji tana iya cin awa biyar ko shida na shiri da ɗauka da gyara da sake sauraro. Idan kin ga kina daɗewa, ba rashin iyawa ba ne. In kina son filin atisaye da babu wanda zai dawo miki da aiki da faɗa, akwai LibriVox, wanda tun 2005 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a harsuna daban-daban.

Yaushe za ki sayi makirufo? Idan kin gyara wuri, kin matso, kin kashe duk abin da ke ƙara, amma har yanzu akwai shuuu da ba ya raguwa ko kin lulluɓe makirufon da bargo, to daga cikin na'urar yake, kuma lokacin canji ya yi. Ko a lokacin, da kuɗin da kika tara, ba na bashi ba. Kuma ga mai aiki a gidan da ba a rasa motsi, ki duba irin wanda ake kira dainamik, wanda ake magana dab da shi, shi ya sa ɗaki ba ya samun shiga sosai.

Yayanki ba sai kin yi musu da shi ba. Marubuciyar ce ya kamata ki koma wa. "Babu rai" ba abin da za ki iya aiki da shi ba ne, ki roƙe ta ta nuna miki shafi ɗaya da ya fi damunta, ta gaya miki yadda take jin sa a ranta lokacin da ta rubuta. Ku kuma rubuta yarjejeniyarku a takarda, izinin naɗa da rabon abin da zai shigo, in ba ku riga kun yi ba.

Babi ukun nan kuwa, kar ki ɓata dare kina yi musu kwaskwarima. Sake su za ki yi a sabon wurin, tunda ko sun gyaru ba za su yi kama da babi na huɗu ba. Amma kar ki sake su duka a tashi ɗaya. Ki naɗi minti goma sha biyar, ki zaɓi wurin da ke da bayani da hirar mutum biyu ko uku, ki auna shi da lambobin kamfanin, ki saurare shi a hedifon da lasifikar waya da cikin mota in kin samu. Ki tura wa marubuciya da kamfanin wannan kaɗai, ki jira amsarsu kafin ki buɗe babi na ɗaya.